TP-Link TL-MR6400: rauta mai sim don shago da ƙaramin ofis

Wannan rauta, wato na'urar da ke haɗa kwamfutoci da raba musu intanet, aiki biyu take yi, kuma mai saye ya kamata ya raba su tun farko. Akwai sadarwar cikin gida, wato LAN, da ke haɗa kwamfutoci, firinta da kyamarorin tsaro a gini ɗaya. Akwai kuma sadarwar waje, WAN, da ke fita ta sim ɗin 4G zuwa intanet. Ta ciki ba ta cin data: ko sim ya ƙare, firinta za ta buga, fayil zai wuce daga kwamfuta zuwa kwamfuta.

A bayan rautar akwai ramukan kebul huɗu, uku na LAN, na huɗun ana iya mai da shi na WAN idan an jawo layin intanet. Rauninta a nan yake, domin kowane rami 100 Mbps ne iyakarsa. Fayil na 10GB zai ɗauki kusan minti 15, abin da rami mai gigabit (1,000 Mbps) zai gama cikin minti biyu. Ga shagon buga takardu ya isa, amma mai aikin bidiyo ya ƙara siwic na gigabit, wato akwatin da ke haɗa kwamfutoci ta kebul, ya jona kwamfutocinsa a can. Wi-Fi ɗinta ma 2.4GHz kaɗai ne.

Ga sadarwar waje an rubuta 150 Mbps, sai dai ƙarfin sabis na unguwa ne ke yanke hukunci. Idan intanet ya yi nauyi, kafin a ɗora wa rauta laifi, a yi ping, wato gwajin saurin dawowar amsa, zuwa adireshinta 192.168.1.1. Idan amsa ta dawo nan take amma 8.8.8.8, wani adireshin Google da ke intanet, na jinkiri, matsalar daga kamfanin waya take. A matsar da ita kusa da taga, ko a gwada wani sim.

Idan modem ɗin da aka jona a ramin WAN shi ma yana kan 192.168.1.1, adireshi zai yi karo. A mai da na rautar 192.168.2.1. Mai son kallon kyamara daga nesa kuma ya sani yawancin kamfanonin waya na haɗa masu sim da yawa a bayan adireshi ɗaya, don haka buɗe ƙofa a rauta don a iso ga kyamarar daga waje (port forwarding) ba zai yi aiki ba, sai ta manhajar kyamarar. Kebul ɗin LAN kuma kada ya wuce mita 100.

Rautar ba ta da batir, a tanadar mata ƙaramin UPS, na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke.