Aikin Karatu Kan Lafiyar Ƙwaƙwalwa: Wanne Za Ka Ɗauka Ya Burge Malam?

Idan malam ya ce kowa ya zaɓi abin da zai karanta ya yi rubutu a kai, yawancin ɗalibai sukan sa "Lafiyar Ƙwaƙwalwa" a saman takarda, sannan su kwaso ma'anoni daga intanet. Malamin da ya duba irin wannan takarda talatin ba zai ba ta talatin da ɗaya maki mai tsoka ba. Taƙaita batun shi ne rabin aikin.

Mafi sauƙi shi ne ƙagaggen labari mai ɗauke da wanda ke fama da ciwon damuwa ko fargaba. Yana da daɗin karantawa, amma a nan ake yawan faɗuwa: ɗalibi ya ɓata shafi huɗu yana ba da labarin da malam bai tambaya ba. In za ka bi ta nan, ɗauki wurare uku kacal a littafin, ka nuna lambar shafi, ka kwatanta halin da marubuci ya nuna da alamomin ciwon damuwa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana: rashin barci, daina jin daɗin abin da aka saba so, ƙuncin rai kusan kullum na aƙalla mako biyu.

Shaye-shaye kuwa batu ne da kowa ya ɗauka tun da gwamnatin Najeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Bayanai a yalwace suke, sai dai rubutun kan rikiɗe ya koma wa'azi. Sai in kana da wata kusurwa sabuwa.

Wanda ya fi riba, ko da yake ya fi cin lokaci, shi ne tarihi da doka. Har zuwa Janairun 2023, lokacin da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, Najeriya tana aiki ne da dokar 1958 wadda ta fi karkata ga tsare majiyyaci fiye da yi masa magani. Haɗa wannan da aikin Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa, wanda a 1954 ya fara ajiye marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, har ma ya riƙa aiki da masu maganin gargajiya. Tambaya ɗaya ta isa shafi biyar: me ya sa dangi ke da tasiri wajen warkewa? Ware mako ɗaya na karatu, ɗaya na rubutu.

Duk wanda ka zaɓa, kada ka rubuta "mahaukaci" sai dai kana ɗauko kalmar tsohuwar doka. Ka ce mai lalurar ƙwaƙwalwa. Kada ka kawo labarin ɗan ajinku ko maƙwabci ko da ka sakaya suna, domin za a gane shi. Sannan ka kai wa malam taken da tambayarka a rabin takarda tun kafin ka fara, ka ce, "Malam, ya yi faɗi da yawa ko in ci gaba?"