Sharhi kan aikin wani mai wayarin a Kano: ƙofar da ta ƙi kulluwa

Akwai wani mai wayarin ɗin mota a kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano wanda ya cancanci yabo, domin ba ya sa mutum ya sayi kaya sai ya gwada ya tabbatar cewa kayan ne suka lalace. Motar da na kai masa Toyota Corolla ce ƙirar 2008, wadda ƙofarta ta baya a ɓangaren dama ta daina kulluwa idan aka danna rimot, alhali sauran ƙofofin suna amsawa lafiya lau. Kafin nan wani gareji ya riga ya yanke hukunci cewa ɗan injin da ke kulle ƙofar ne ya ƙone, ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba.

Da farko tambayoyi ya yi mini, kuma ya bayyana dalilin kowace. Ya ce da rimot ne kaɗai ya ƙi aiki amma maɓallin ƙofar direba yana kulle komai, da batirin rimot zai fara dubawa. Da kuwa ƙofofin duka ne suka yi shiru, da fis ko rile, wato ɗan makunnin da ke sakin wuta zuwa ƙofofin, zai zarga. Tunda ƙofa ɗaya ce, matsalar ba ta wuce ɗan injin da ke cikin ƙofar ko wayoyin da ke kai masa wuta ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya raba gardama tsakanin waɗannan biyun. Ya cire murfin cikin ƙofar, ya zare soket ɗin injin, ya jona mitar auna wuta, sannan ya sa yaronsa ya riƙa danna maɓalli. Ya nuna mini cewa ya kamata wuta ta kusan bolt 12 ta zo na ɗan lokaci idan an kulle, sannan ta juya hanya idan an buɗe, domin ta haka ne injin yake juyawa gaba da baya. Mitar ba ta motsa ba, sai da ya ɗan karkata ƙofar sannan wutar ta zo ta sake ɗaukewa. Nan take ya ce, "Alhaji, injinka lafiyarsa ƙalau, waya ce ta karye." Ya tabbatar da hakan ta hanyar ba injin wuta kai tsaye daga batir, ya kuwa yi ƙas. Da ya janye robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, sai ga wayar ta tsinke, domin a wurin take lanƙwashewa duk lokacin da aka buɗe ƙofa.

Gyaran ma bai yi shi da ha'inci ba. Maimakon ya murɗe bakin wayoyin ya naɗe da salatif kamar yadda aka saba, ya ƙara guntun sabuwar waya ya haɗa da dalma, kuma ya ajiye mahaɗin nesa da wurin lanƙwasar.

Wurin yana da aibinsa. Babu rumfar da mai jira zai fake, layin motoci yana da tsawo, kuma yaransa suna garaje wajen ɓalle murfin ƙofa har wasu ƙananan robobin da ke riƙe shi suka karye. Duk wanda zai je ya yi sammako, kuma ya roƙi maigidan ya cire murfin da hannunsa.