Silib ko Baifas: Wace Tiyatar Rage Ƙiba Ta Dace da Mai Ƙwannafi?

Asibitocin da ke tiyatar rage ƙiba sun fi tallata aikin silib, wato yanke tumbi a rage girmansa, a kan baifas, wato sauya wa abinci hanya, kuma ba a rasa dalili ba: ya fi sauƙin yi, ya fi saurin gamawa, ba a taɓa hanji. Amma ga wanda ruwan tsamin ciki ke taso masa zuwa maƙoshi, har ya saba kwana da matashi biyu ko uku, silib ne aikin da ya fi kamata ya yi wa kallon tsanaki.

A aikin silib ana yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a fitar, a bar siririn bututu mai siffar ayaba. Matsalar tana cikin siffar. Saman tumbi, wanda ke buɗewa ya karɓi abinci ba tare da matsi ya ƙaru ba, shi ake cirewa. Abin da ya rage ba ya miƙewa sosai, ga ƙofar ƙasa da ke kaiwa hanji tana nan da ƙarfinta. Da abinci ya shiga sai matsi ya tashi, ruwan tsami ya nemi hanya mafi sauƙi, wato sama. Ƙari a kan haka, yankan yana lalata kusurwar da maƙoshi ke haɗuwa da tumbi, wadda ke aiki kamar murfi. Shi ya sa wasu da ba su taɓa sanin ƙwannafi ba suke fara shi bayan aikin. Kuma idan ya tsananta, ba za a iya yin aikin Nissen ba, wanda ake naɗe saman tumbi a wuyan maƙoshi, tunda naman da za a naɗa ya riga ya tafi.

Baifas na Roux-en-Y tsarinsa dabam ne. Ana ware ƙaramar jaka mai ɗaukar kimanin mililita 30 daga saman tumbi, a jona ta da ƙaramin hanji. Mafi yawan sashen da ke samar da asid yana can gefe, ba shi da hanyar zuwa maƙoshi. Ruwan madaciya kuma sai can ƙasa yake haɗuwa da abinci, bayan reshen hanji mai tsawon santimita 100 zuwa 150. Binciken SM-BOSS na ƙasar Suwizalan, wanda aka wallafa a 2018 bayan bin marasa lafiya 217 tsawon shekara biyar, ya nuna bambancin ƙarara: ƙwannafi ya lafa ga kusan kashi 60 na masu shi da aka yi wa baifas, kashi 25 kacal a ɓangaren silib. Ya ƙara tsanani ga kusan kashi 32 bayan silib, kashi 6 bayan baifas. Rage nauyi kuwa kusan kunnen doki suka yi.

Sai dai baifas ba kyauta yake zuwa ba. Gyambo na iya fitowa a bakin ɗinki, musamman ga mai shan taba ko mai yawan shan magungunan rage zafin ciwo irin ibuprofen da diclofenac, don haka waɗannan sai a yi ban kwana da su. Hanji na iya zamewa cikin wata kafa da aikin ya bari ya murɗe, ko da bayan shekaru, kuma wannan na gaggawa ne. Abu mai zaƙi kan jawo jiri, gumi da bugun zuciya jim kaɗan bayan ci. Sinadarin ƙarfe, bitamin B12 da kalsiyam sai an riƙa sha har ƙarshen rayuwa, tare da gwajin jini a kai a kai. Wanda ya san ba zai jure wannan ba, gara ya faɗa tun a ɗakin likita.

Akwai wasu ayyukan biyu kuma. Ƙaramin baifas mai ɗinki ɗaya yana iya barin ruwan madaciya ya taso, wanda omeprazole, maganin rage asid na ciki, ba ya maganinsa. Zoben da ake ɗaura wa tumbi kuwa kan sa maƙoshi ya buɗe ya saki, an ma rage yinsa ƙwarai.

Inda ake gane asibitin kirki shi ne abin da ake yi kafin a kai ga wuƙa. Ka'idar da ƙungiyoyin likitocin tiyatar ƙiba, ASMBS ta Amurka da IFSO ta duniya, suka fitar a 2022 ta amince da tiyata daga BMI (ma'aunin nauyi gwargwadon tsayi) 35, ko daga 30 ga mai cuta irin ciwon sukari, amma lambar BMI ba ta faɗin halin da maƙoshi ke ciki. Sai an zura kyamara ta baki an duba. Ana auna ƙunar maƙoshi da ma'aunin Los Angeles, daga A zuwa D. Mai C ko D, ko wanda aka samu da cutar Barrett, inda fatar cikin maƙoshi ta sauya har tana iya kaiwa ga ciwon daji, baifas ne nasa. A wannan dubawar ake gano ko saman tumbi ya kutsa cikin ƙirji ta kafar tantanin da ya raba ƙirji da ciki, don a gyara shi rana ɗaya da aikin, a kuma nemi ƙwayar cutar H. pylori mai jawo gyambon ciki a kashe ta tukuna.

Idan alamun ba su fito fili ba, akwai awon asid na awa 24 da siririn bututu ta hanci, galibi bayan an dakatar da magani irin omeprazole na mako guda. Mai fama da maƙalewar abinci kuma yana buƙatar awon ƙarfin matsewar maƙoshi, domin cutar akalasiya, inda ƙofar ƙasan maƙoshi ke ƙin buɗewa, takan yi kama da ƙwannafi. A ɗora silib a kanta ba tare da an buɗe ƙofar ba, an ƙara toshiya a kan toshiya.

Mai ƙwannafi kaɗan da magani ke riƙewa, kyamara kuma ta nuna maƙoshi lafiya, zai iya yin silib, da sharaɗin a sake duba shi da kyamara bayan kimanin shekara uku ko da ba ya jin komai, saboda Barrett kan shigo shiru. Idan ƙwannafin ya gagari magani daga baya, ana iya mayar da silib ɗin baifas, sai dai aiki na biyu ya fi na farko wuya saboda tabon da ke ciki.