MDT da WDS: yadda na daina yawo da filashi, da wahalar da na sha a hannun direbobi

Ranar da Alhaji ya sauke kwamfuta 270 a harabar cibiyarmu ta jarrabawa a nan Kano, filashi uku ne kacal a aljihuna. Kwamfutocin dukkansu na hannu ne, an tsinto su daga wurin dillalai daban-daban: akwai Dell, akwai HP tsofaffi da sababbi, akwai Lenovo, sai wasu laftof 20 da ya ce na ko-ta-kwana ne. Ya dube ni ya ce, "Injiniya, nan da sati biyu nake so in ga kowacce ta kama." Na ce, "In sha Allahu, Alhaji," amma cikina ya ɗuri ruwa. Kowace kwamfuta tana cin kusan minti 45 daga saka filashin girka Windows zuwa gama neman direbobinta, wato ƙananan manhajojin da ke sa kowace na'ura a cikinta ta yi aiki. Na buga lissafi, ya haura awa 200, kuma rabin wannan lokaci a kan janareto za a yi shi. Abin da ya tura ni ga MDT da WDS ke nan, kuma yau shekara biyu ina aiki da su.

Ga wanda bai san su ba: WDS wani sashe ne na Windows Server. Aikinsa shi ne amsa wa kwamfutar da ta tashi ba komai a cikinta, ta yi sallama ta wayar netwok tana neman abin da za ta tashi da shi. Wannan sallamar ita ake kira PXE, tsohon tsari ne da Intel ya fitar tun kafin shekarar 2000. MDT kuma manhaja ce ta Microsoft da na sauke kyauta a lokacin, ita ke riƙe da jerin abin da za a yi: a goge diski, a raba shi, a zuba Windows, a saka direbobi, a ɗora manhajoji, a raɗa wa kwamfuta suna. Tsakaninsu akwai wani ɗan ƙaramin Windows mai suna WinPE, wanda ke sauka cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta ya yi aikin leburanci ya ɓace. Ka riƙe sunan nan, domin yawancin kukana a kansa ne.

Daren farko ban kai ko'ina ba. Kwamfuta ta tashi, ta yi ta juya ɗan layin nan, sai ta rubuto PXE-E51, wato ba wanda ya ba ta adireshi. Na zargi saba, wato babbar kwamfutar da WDS yake kai, na zargi kebul, har na aiki yarona Beirut Road ya sayo sabon nadi. Ashe suwic ne, akwatin da duk wayoyin netwok suke haɗuwa a jikinsa. Irin suwic ɗin da ake iya saitawa yana riƙe kowace ƙofa kusan daƙiƙa 30 yana duba ko an yi zobe da waya kafin ya bar komai ya wuce, ita kuwa kwamfuta kafin nan ta gaji da jira. Da na kunna abin da ake kira PortFast a ƙofofin da kwamfutoci suke, shi ke nan. Nadin kebul ɗin yana nan a sito har yau.

Matsala ta biyu laifin karambanina ne. Na je saitin DHCP, mai raba wa kwamfutoci adireshi, na cika lamba 66 da 67 da hannu, wato inda ake faɗin sabar da za a nema da fayil ɗin tashi, na rubuta sunan fayil guda. Tsofaffin kwamfutoci masu BIOS, tsohon tsarin tada kwamfuta, suka tashi lafiya, masu sabon tsarin UEFI suka yi tsaye kamar jakin da ya ga rijiya. Dalili kuwa kowane ɓangare da fayil ɗinsa: masu BIOS suna son wdsnbp.com, masu UEFI suna son wdsmgfw.efi. Muddin saba da kwamfutocin suna kan netwok guda, WDS da kansa yake gane wace iri ce ta yi sallama ya miƙa mata nata. Goge abin da na rubuta shi ne maganin. A nan na ba shi maki, ya fi ni wayo.

To, a kan direbobi gizo yake saƙar.

Abin da babu wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini shi ne, direba kala biyu kake bukata, kuma ba a wuri ɗaya ake ajiye su ba. Akwai na WinPE, akwai na Windows ɗin da zai zauna. Ni a tunanina tunda kwamfuta ta iya jawo WinPE ta waya, ai katin netwok ɗinta yana aiki. Ba haka ba ne. Lokacin jawowar, ɗan shirin da ke jikin katin ne yake tuƙi. Da WinPE ya tashi sai ya karɓe sitiyari, idan kuma ba shi da direban wannan katin, sai ya zama kurma: yana cikin kwamfuta, waya a jone, amma ba ya jin saba. Sababbin HP ɗinmu haka suka yi. Abin da na yaba shi ne MDT bai bar ni cikin duhu ba. Ya fito da saƙo cewa ya kasa kaiwa ga foldar saba, ya kuma rubuta lambar na'urar da ba ta da direba, wadda ta fara da VEN_8086. Wannan lambar ta Intel ce. Da VEN_10EC na gani da na san Realtek ne. Daga nan ka danna F8, baƙin allo ya buɗe, ka buga ipconfig. Idan ba ka ga adireshi ba, kada ka wahalar da kanka da kalmar sirri ko izinin folda, direba ne.

Laftof ɗin nan 20 kuwa nasu salon daban. Netwok lafiya lau, amma da aka zo raba diski sai aikin ya faɗi. Na buɗe diskpart na ce ya lissafo diski, ya ce babu ko ɗaya, alhali ga shi na gani da idona a BIOS. Masu Intel na ƙarni na 11 ne, kuma irinsu sukan zo da wani saiti mai suna VMD a kunne, wanda ke ɓoye diskin NVMe ga duk wanda ba shi da direban Intel RST. Hanya biyu ce: ko ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka kashe saitin, ko ka saka direban. Na zaɓi saka direban, amma na saka wa WinPE kaɗai na manta da Windows. Aiki ya tafi sumul har ƙarshe, kwamfuta ta sake tashi, sai ga shuɗin allo da INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. An gudu ba a tsira ba. Direban diski dole ya kasance a gida biyun.

Daga nan na yi irin abin da duk ɗan koyo yake yi, na ce bari in kashe bakin tsanya: na kwaso duk direban da na samu, wajen giga 20, na juye su a folda guda, na bar MDT ya zaɓa. Haka yake zuwa a saitinsa na asali, yana duba lambar kowace na'ura ya ɗauko direban da ya ce ya dace. Matsalar ita ce kamfanoni daban-daban suna amfani da guntun sauti ko na hoto iri ɗaya, kowa kuma da kwaskwarimar da ya yi wa nasa. Sai ga Dell da direban sautin da aka gyara don wata kwamfuta daban, lasifika shiru. WinPE ɗin ma ya kumbura saboda na cusa masa abin da bai shafe shi ba, saukarsa ta waya ta koma tafiyar hawainiya.

Gyaran da ya zaunar da ni lafiya shi ne raba gado. WinPE ya sami foldarsa, netwok da diski kawai, ba ƙari. Dell da HP duk suna fitar da ƙunshin direbobi na musamman don WinPE, su na ɗauka. Windows kuma kowane samfuri da foldarsa a ƙarƙashin sunan kamfaninsa, sannan na saita DriverGroup001, saitin MDT mai nuna foldar direbobi, ya bi %Make% da %Model%, wato kamfani da samfuri, na hana shi taɓa komai a waje da wannan folda. Sharaɗin shi ne sunan folda ya zama daidai da sunan da kwamfutar take kiran kanta, harafi da harafi, ba wanda ke rubuce a jikin akwatinta ba. A nan ma na ci tuntuɓe. Tsofaffin HP suna kiran kansu Hewlett-Packard, sababbi kuma HP kawai. Dell tana cewa Dell Inc. har da ɗigon. Lenovo kuwa ba ta faɗin sunan da muka sani, wata lamba take bayarwa ta haruffa da alƙaluma. Yanzu duk sabuwar kwamfutar da ta shigo, kafin komai sai na buga wmic computersystem get manufacturer,model na kwafe abin da ta ce. Kuma MDT fayil mai .inf yake ci; direban da ya zo a .exe sai ka fasa shi ka ciro cikinsa.

Wani abu da ya cinye mini yini guda: idan ka canza direban WinPE ko Bootstrap.ini, fayil ɗin saitin da WinPE yake tafiya da shi, sai ka sake gina hoton tashi, wato ƙunshin WinPE da kwamfuta take jawowa, sannan ka je WDS ka musanya tsohon da sabon. In ba haka ba kana ta gyara, kwamfuta tana ta jawo tsohon. Ɗaya fayil ɗin saitin, CustomSettings.ini, shi ne kaɗai kake canzawa ya kama nan take.

Batun girka Windows "ba sa hannu" kuwa, a yi gaskiya, Microsoft da kansu Lite Touch suka kira wannan tsarin, wato taɓawa kaɗan. Amma ana iya rufe bakin kowace tambaya. SkipBDDWelcome=YES yana cire allon maraba, ka faɗa masa jerin aikin da zai bi, ka ba shi lokacinmu, W. Central Africa Standard Time, ka ce ya ciro suna daga lambar jikin kwamfuta. Ka dai tuna sunan kada ya wuce harafi 15. A WDS kuma ka cire dokar danna F12 kafin kwamfuta ta tashi ta waya. Ranar da na gama wannan, na ce wa yarona ya bi layi yana kunnawa kawai. Muka zauna muna shan shayi, allo 40 suna aiki su kaɗai. Alhaji ya leƙo ya tsaya yana kallo, ya ce, "Injiniya, wannan ba aljanu ka ajiye mana ba?"

Kwana biyu bayan nan aljanun suka nuna halinsu. Kwamfutar akawunmu tana kan netwok ɗin, kuma an bar ta tana fara neman tashi ta waya kafin diski. Aka ɗauke wuta, aka tada janareto, ta kunnu, saba ta amsa mata, kuma tunda ni da hannuna na cire duk wata tambaya, ba wanda ya ce mata "kin tabbata?" Kafin ya dawo daga sallar Azahar an yi mata wanka tas. Allah Ya sa yana da kwafin lissafinsa na ƙarshen wata a filashi, amma na sati biyu sai da ya sake shigarwa da hannu, kuma har yau idan mun haɗu yakan ce, "Malam, yau wa za a goge?" Laifina ne ɗari bisa ɗari, manhaja abin da na ce ta yi shi ta yi. Tun daga ranar na mayar da F12, na kuma ware ɗakin jarrabawa daga ofis. Danna maɓalli ɗaya bai kai zafin wannan kunyar ba.

Akwai kuma abin da ya kamata mai shirin yin haka ya sani: don kada a tambayi kalmar sirri, dole ka rubuta ta ƙarara a Bootstrap.ini, shi kuma yana cikin hoton da duk wanda ya jona waya zai iya jawowa. Ka buɗe wani asusu mara iko wanda karanta foldar kawai zai iya. Kada ka kuskura ka saka na shugaba, wato Administrator.

Kwamfutocin hannu suna da tasu cutar da ba ruwan MDT. Ɗan batirin nan CR2032 da ke kan allon ciki ya mutu a da yawa daga cikinsu, don haka da an cire wuta sai kwanan wata ya koma baya, saitin tashi ta waya ma ya goge. Agogon da ya kauce wa na saba da fiye da minti biyar kuwa yakan hana kwamfuta shiga domen, wato rukunin kwamfutocin da saba take mulka. Na sayi batirin kwali guda. Idan kuma aiki ya faɗi ba ka san dalili ba, BDD.log ne abokinka. Yana cikin MININT lokacin aiki, bayan an gama kuma ya koma C:\Windows\Temp\DeploymentLogs. Yana da surutu, amma ba ya ƙarya.

Kwalliya ta biya kuɗin sabulu? A wurina ta biya. Ɗakin da zai ci mini sati yanzu yini guda ne, kuma kowace kwamfuta tana fitowa kamar 'yar'uwarta, abin da mai cibiyar jarrabawa ya fi bukata ke nan. Sai dai kyautar MDT ba ta kai ga WDS ba, domin shi sai da lasisin Windows Server. Lasisin gwaji kwana 180 ne. Mai shagon gyara da ke karɓar kwamfuta biyar a rana, kowacce da irinta, ban ba shi shawara ba, zai ƙare ne a gina folda maimakon gyara. Filashinsa ya fi masa. Wanda ke da kwamfuta 50 zuwa sama, samfuri kaɗan, shi ne zai ci moriya.

Abin da ke hana ni cewa kowa ya ruga shi ne tsufa. Fitowar MDT ta ƙarshe ita ce 8456, tun 2019. Ba a sanya Windows 11 cikin abin da yake tallafawa a hukumance ba, ko da yake mutane suna lallaɓawa su yi, kuma an gina shi ne a kan VBScript, wanda Microsoft suka sanar a 2023 cewa za su janye shi sannu a hankali. Windows 10 da muka dogara da shi kuma tallafinsa ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ni dai sabata tana nan tana aiki, ba zan rushe ta ba sai ta ƙi. Amma na ware wata tsohuwar Dell a lungun ofis na ɗora mata Linux ina gwada FOG, wanda shi hoton diski yake kwafewa ya raba, ba girkawa daga tushe ba. Makon jiya na kai ga inda zan koya masa bambanta samfuri da samfuri don saka direbobi, kuma tsohuwar HP ta farko da na jona ta sake ce mini sunanta Hewlett-Packard.