Daga Hamburg zuwa shagon Yaya: yadda ake cinikin tsohon garmaho da amfilifaya a intanet a Jamus

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya tare da su Hajiya da yara da yaran shago. Ka tambaye ni ko gaskiya ne wai a Turai a bola ake tsintar tsofaffin kayan sauti, kuma in haka ne me zai hana in riƙa tattaro maka garmaho da amfilifaya, kai kuma kana gyarawa kana sayarwa. Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta, don na san akwai masu gyara irinka da za ta yi wa amfani.

Zamanin tsinta a bola ya wuce. Faifan garmaho ya dawo kasuwa da ƙarfinsa. A Amurka ma, a shekarar 2022 yawan faya-fayan garmaho da aka sayar ya zarce na CD, abin da rabon a gani tun 1987. Da faifai ya dawo sai na'urar da ke juya shi ta yi daraja, duk wanda ya gaji garmahon mahaifinsa yanzu sai ya duba kuɗinsa a waya kafin ya fitar da shi. Amma kayan suna nan jibge, Yaya, yawan da ban taɓa gani ba ko a kasuwar Alaba ta Legas. A Kleinanzeigen, inda mutanen gari ke tallata kayan gidansu, da kuma eBay, za ka yini kana duba hotuna ba ka ƙure ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, a nan kafin ka tambayi kuɗin abu sai ka fara duba wane ne mai sayarwar. Idan ɗan kasuwa ne mai rajista, doka ta ba ka kwana 14 ka mayar masa da abin da ka saya ta intanet, ko da ba ka da wani dalili sai dai bai kwanta maka ba. Haka kuma alhakin aibun da kayan suka zo da shi yana wuyansa har shekara 2, sai dai a kayan hannu yana iya rage wa'adin zuwa shekara 1. Idan kuwa mutum ne kawai ke sayar da kayan ɗakinsa, damar mayarwa ta kwana 14 babu, alhakin aibu kuma yana iya sauke shi daga wuyansa. Za ka ga ya rubuta a ƙasan tallarsa cewa babu garanti, babu mayarwa, kuma doka ta yarda. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne ya san aibu ya ɓoye. Shi ya sa Bajamushe zai jera maka laifin kayansa da kansa: murfin ya tsage a kusurwar hagu, fitilar mita ɗaya ta mutu, maɓallin murya yana ƙara idan an murɗa. A wajenmu sanayya ce garanti, mutum ya san in abu ya ƙi zai dawo shagonka ya same ka a zaune. A nan ba wanda ya san wani, abin da aka rubuta shi ke tsayawa a madadin fuska. Kowanne da ranarsa, amma a cinikin nesa rubutun nan ya fi mini kwanciyar hankali.

Tayi kuwa ana yi, sai dai da ƙa'ida. In ka ga haruffa VB kusa da farashi, mai kaya ya buɗe ƙofa. Ka gaishe shi, ka yi tambaya ɗaya ko biyu a kan na'urar, sannan ka faɗi abin da za ka iya biya. Wanda ya faɗo da "nawa ne gaskiya" ba gaisuwa, ko ya taya rabin kuɗi, galibi ko amsa ba ya samu. Ba a jan ciniki irin namu na albarka da ƙara kaɗan har a kai ga sallama. Saƙo biyu zuwa uku, an gama.

Bari in ba ka labarin wanda na je ɗaukowa da kaina, don da yawa suna rubuta cewa ba sa aikawa, sai dai a zo. Wani dattijo ne a wani ƙaramin gari kudu da Hamburg, yana kwashe kayan gidan yayansa da ya rasu. Garmahon Dual 1229 ne, mai gindin katako. Kafin in iso ya riga ya jona shi da amfilifaya a kan teburin cin abinci, ya ɗora faifai. Ya danna, hannun ya tashi da kansa, ya tafi a hankali ya sauka daidai bakin faifan. Sannan ya miƙo mini wata jakar takarda: littafin bayani, rasit na asali da aka biya da tsohon kuɗin Jamus, da takardar wani shagon gyara da ya taɓa canza allura. Ya nuna mini wasu noti a saman na'urar, ya ce in ɗaure su kafin in ɗauka don kada cikin ya riƙa rawa a hanya. Wannan shi ne abin da kayan Baljiyam ke rasawa kafin su iso hannunku. Na'ura takan zo muku ba littafi, ba tarihi, ba ka san wa ya buɗe ta ba, ba ka san ruwan da ta sha a kwantena ba.

Dual ɗin nan a garin St. Georgen da ke kudancin Jamus aka ƙera su, kamfanin ya karye a 1982, amma sun cika gidajen Jamusawa, shi ya sa sun fi komai araha a nan. Ciwonsu sananne ne: maiko ya daskare, sai wani ɗan ƙaramin roba da bai kai ƙwayar wake ba wanda ke jan hannun, in ya ruɓe hannun ya daina tafiya da kansa. Robar tana nan a kasuwa da kuɗi kaɗan. Shi 1229 yana yin juyi 33 da 45 da 78 a minti, wato zai karɓi tsofaffin faya-fayan nan masu nauyi da Baba ya bari, sai dai su allurarsu daban ce, mai kauri. Thorens TD 160, wanda ya fito a 1972, bel ke jan farantinsa, sautinsa da daɗi, kuɗinsa ya fi na Dual. Sai Technics SL-1200, wanda aka fara a 1972, aka fitar da samfurinsa na biyu, MK2, a 1979, aka dakatar a 2010, aka dawo da shi a 2016. Masu kiɗan biki da gidajen rawa sun sa kuɗinsa ya yi sama, kuma da yawansu sun sha wuya a hannun masu su.

Ga inda nake so ka nutsu, domin abin da ya dace da ɗakin Bajamushe ba lallai ya dace da Kano ba. Wutarmu da tasu kusan ɗaya ce, bolt 230 da bugu 50 a daƙiƙa. Amma Dual 1229 da Thorens TD 160 saurin injinsu da bugun wuta yake tafiya. A nan bugun ba ya motsi. A gida kuwa, da zarar an koma janareta, muryar mawaƙi za ta riƙa hawa tana sauka. Technics masu jan faranti kai tsaye ba ruwansu da wannan, suna da abin da ke daidaita saurinsu a ciki, kuma ba su da bel ɗin da zafin bazara zai narkar. Ba sai SL-1200 ba, ƙannensa irin su SL-Q2 suna yin aikin a kan kuɗin da bai kama ƙafar nasa ba. Ni a ganina su ne na ƙasarmu.

Sannan kada a sayi komai sai an ga hoton bayansa. Kayan Japan na cikin gida bolt 100 suke ci, na Amurka 120 da bugu 60. Kuma na Amurkan suna yawo a cikin Jamus, saboda sojojinsu da suka daɗe a kudancin ƙasar sun bar su da yawa. Wasu suna da makunnin sauya bolt a baya, wasu babu. Garmahon da aka yi wa bugu 60, ko ka sa masa taransifoma, a sanyaye zai riƙa juyawa a wutarmu in dai injinsa mai bin bugu ne. Sayowa daga Japan ko Ingila kuma akwai harajin shigo da kaya na kashi 19 cikin 100 a kai, ban da kuɗin aikawa, don haka arahar da ka hango a hoto takan ƙare a ofishin kwastan.

A ɓangaren amfilifaya, masu tara kaya sun riga sun kai Marantz 2270 da Sansui AU-717 da manyan Pioneer inda talaka ba ya kaiwa. Pioneer SX-1980 na shekarar 1978, mai wat 270 kowane ɓangare, nauyinsa ya kai kilo 35, ya ma wuce kilo 31.5 da DHL ke karɓa a kwali ɗaya. Ba shi muke nema ba. NAD 3020 wat 20 kawai aka rubuta masa, amma yana cika falo, ya fi waɗannan masu dubban wat a jikin kwali da suka cika kasuwa. Abin dubawa uku ne: ya kasance yana da mashigar garmaho da notin wayar ƙasa, in ba haka ba sauti zai fito siriri ga gurnani, in na Jamus ne mai filogi zagayayye mai ƙafa 5, a haɗo da mahaɗinsa, sannan a guji masu STK a ciki, wato wani dunƙulallen ɓangare mai ƙara ƙarfin sauti, domin an daina ƙera na asali, jabu ne suka cika ko'ina. Kai ka fi ni sanin wannan.

Aikawa ita ce inda ake kuka. Wani mai sayarwa ya taɓa aiko mini garmaho bai cire faranti ba, bai ɗaure hannu ba, ya cusa 'yan jaridu ya rufe. Tun daga ƙofa na ji abu yana kwaramniya a kwali. Farantin ya fita daga mazauninsa, ya farfasa murfi, ya lanƙwasa hannun. Na ɗauki hotuna tun kafin in fitar da shi, na tura ta manhajar da na biya, aka dawo mini da kuɗina ba tare da na ɗaga murya ba. Wannan kariya tana aiki ne kawai in ka biya ta hanyar da aka tanada don ciniki. Mai kayan da ya matsa a tura masa kuɗi a matsayin kyautar 'yan uwa da abokai, ko ya ce ku koma wani wuri ku ƙarasa magana, a rabu da shi. Kuɗin sun dawo, amma na'urar da ta shekara 40 tana aiki ta mutu a kwana 2, wannan ya tsaya mini a rai. Yanzu kafin in biya nakan roƙi mai kaya da ladabi ya cire faranti da ma'aunin bayan hannu ya naɗe su daban, ya ɗaure hannun, ya sa kwali cikin kwali.

To ga abin da suka rasa, mu muke da shi. Mai gyara a nan ya yi ƙaranci ƙwarai. Waɗanda suka san kayan shekarun 1970 sun tsufa, matasa kuma canza allo sukutum suka koya. In ka samu shago, sai ka biya kuɗin dubawa tukuna, sannan ka jira makonni, kuma ladan awa ɗaya kan fi kuɗin Dual ɗin da ka kawo. Saboda haka amfilifayar da kafasito biyu suka bushe mata, ko maɓallinta ke son wanki, sai a rubuta mata "ta lalace" a sayar da ita a wulaƙance. Aikin da yaronka zai gama tsakanin azahar da la'asar da dalma da mita. Duk lokacin da na ga irin wannan talla sai in tuna teburinka. Su suna da kayan gyara na asali, da zanen wayoyin kusan kowace na'ura a intanet, ku kuna da hannu da haƙuri da kunnen da ke gane ciwo tun kafin a buɗe murfi.

Sai dai shawarar da ta zo maka, ta saye matattu a aiko, doka ta tare ta. Tun 2015 mai fitar da kayan lantarki na hannu daga Jamus shi zai kawo shaidar cewa an gwada su suna aiki, in ba haka ba shara ce a idon hukuma, kuma a Najeriya ma hukumar kare muhalli ta NESREA tana sa ido a kan shigowarsu. Ban ga laifin dokar ba, duk wanda ya ga tarin matattun talabijin da ake ƙonawa a bayan kasuwanninmu ya san dalilinta. Hanyar da ta rage ita ce in nemo masu rai da ke son kulawa: suna kunnuwa, suna fitar da sauti ta ɓangarorin biyu, sai dai ƙara a maɓalli ko tsohuwar allura. Zan gwada kowanne, in ɗauki bidiyo, in rubuta takarda in liƙa masa. Zan haɗo da kafasito da taransisto na asali, da allurai na Audio-Technica, tunda Shure ta daina yin nata a 2018.

Abin da nake buƙata daga wajenka: ka rubuto mini lambobin taransiston da kuka fi shan wahalar jabunsu, ka kuma gaya mini ko shagon ya koma sola ko har yanzu janareta ne, domin a kan haka zan zaɓi garmahon farko. Faya-fayan Baba kuma, da waɗanda kamfanonin EMI da Decca suka fitar a Legas, kada a bari kowa ya kwashe su a kan kuɗin goro, Turawa suna nemansu ido rufe. A fitar da su daga ɗakin kwanon nan, a jera su a tsaye a inuwa, kada a ɗora wani kan wani.