Losartan, telmisartan ko valsartan: wanne mai hawan jini zai saya?

Da yawa daga cikin masu neman waɗannan magunguna tari ne ya koro su daga wani maganin hawan jini mai suna lisinopril, wannan busasshen tarin da ke hana barci. Dangin "sartan" aikinsu kusan ɗaya da na lisinopril: suna hana wani sinadari mai suna anjiyotensin matse jijiyoyin jini, sai jini ya sauka, kuma ba kasafai suke sa tari ba.

Losartan ne babban wansu, tun 1995 yake kasuwa. Ya fi araha, kusan kowane kemis yana da shi, mai miligiram 50 ko 100. Yana kuma rage sinadarin yurik asid, don haka ya dace da mai ciwon gaɓoɓi irin na gawut. Rauninsa shi ne a jikin wasu ƙarfinsa kan ja baya kafin gari ya waye, har likita ya raba shi safe da dare.

A nan telmisartan ya sha gabansa. Ƙwaya ɗaya, mai 40 ko 80, tana riƙe jini awa 24. Ni dai in aljihu zai ɗauka, shi nake fifitawa ga mai yawan mantuwa da mai azumi. Sai dai yana da tsada, kuma yana shan danshi: kada a ɓare shi daga kwalinsa a zuba a leda, musamman da damina. Mai ciwon hanta ya gaya wa likita tukuna.

Valsartan an fi rubuta shi ga wanda zuciyarsa ta yi rauni.

Abin da na fi so a riƙe: a jikin baƙar fata, sartan shi kaɗai sau da yawa ba ya isa. Shi ya sa ake haɗa shi da amlodipine ko maganin sa fitsari. In likita ya rubuta guda biyu, tambayi mai kemis ko akwai wanda aka haɗe a ƙwaya ɗaya, ka kwatanta kuɗinsu na wata.

Mai juna biyu ba ta shan ko ɗaya daga cikinsu, suna illata ɗan tayi. A guji haɗa su da diclofenac ko ibuprofen saboda ƙoda, a kuma gwada ƙodar, a auna sinadarin fotasiyam a jini bayan an fara sha. Kafin ka biya, juya kwalin ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adinsa.