Tankin kwampresa: sabo mai faranti ko na gwanjo

Wa alaikumus salam Alhaji. Ka tambayi wanne tankin kwampresa (injin matsa iska) za ka saya. Tsakanin sabon nan mai hatimin ASME, wato ƙungiyar injiniyoyin Amurka mai ƙa'idar ƙera irin waɗannan tankuna, da na gwanjon da aka yi maka rabin kuɗi, sabon za ka ɗauka, ka daure ka biya kawai.

Nawa mai lita 500 ne, shekara bakwai kenan yana banshar ɗina, wato shagon facin taya, nan Jidda, wallahi bai taɓa hana ni barci ba. Ranar da zan saya wani dattijo mai walda ne ya raka ni Sana'iyya, unguwar masu sana'a, ya duƙa ya nuna min farantin ƙarfen da aka manna a jikin tankin, ga harafin U, ga shekarar ƙira, ga lamba, ga iyakar matsin da zai ɗauka, ya ce ɗana wannan kake saya ba fenti ba, Allah ya saka masa. Ma'anar harafin U ɗin an ƙera tankin bisa sashe na 8 na ƙa'idar ASME, kuma sai da aka ɗura masa ruwa aka matsa shi ninki 1.3 na iyakarsa kafin ya bar masana'anta. Ƙa'idar ma ba banza aka kafa ta a 1914 ba, a 1905 tukunyar tururi ta fashe a masana'antar takalma a Brockton ta Amurka ta kashe mutum 58.

Ka ga tanki wuni yake yana cika yana sauka, ƙarfen na buɗewa yana tsukewa, in a bushe yake zai jure shekaru, amma iskar Jidda ga laima ga gishirin Bahar Maliya, ruwa ya kwanta a gindinsa, tsatsa ta ci ƙananan ramuka, daga ramin nan tsaga ke tashi, yawanci gefen walda kuma ta ciki inda ido bai kai. Shi ya sa kullum kafin magariba sai na buɗe famfon ƙasan tankin ruwan ya fita, har yau ban fasa ba.

Na gwanjo kam araha ce da shi, iyakarta kenan. Na taɓa saye, wata huɗu ya fara huci ta ƙasa.

Kuma ka yi hattara, wasu 'yan kasuwar ba tsoron Allah, su toshe huda da walda su watsa sabon fenti, har farantin wani tankin suke cirowa su manna. Ka ce a ba ka takardar masana'anta ka gwama lambarta da ta farantin, in ya fara kame-kame ka kama gabanka. Tankin da ya huje ba a yi masa walda, yar da shi ake yi, yara ne ke tsaye kusa da shi duk wuni.